Rantsuwar Alhaji Cika da Irin Albasar Gidanmu

Zuwa ga Alhaji Muhammadu Cika, mai gidan ruwan leda na bayan gari, Argungu.

Daga Lawali Garba, tsohon malamin kimiyya, Gesse, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da iyali, da ma'aikata, da ɗawainiyar jama'a. Ina yi maka barka da ganin ƙarshen damina lafiya. Allah ya sa mu ci amfaninta cikin kwanciyar hankali.

Ranka ya daɗe. A takarda haka zan kira ka, tunda mutane za su karanta, kuma girmanka ya kai. In mun haɗu ido da ido kuwa, kai Cika ne ni Lawali, ba wanda zai ɓoye wa wani furfurarsa. Na san za ka ji haushin ganin sunanka a bainar jama'a, ni ma ban so ba. Amma ka tuna na zo ofishinka, ka karɓe ni hannu biyu, aka dama mana fura, muka yi ta dariyar mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Da na ɗauko maganar lambatun da ke fita daga bayan katangarka, sai fuskarka ta canza, ka ce, "Lawali, bar wagga magana. Na riga na rantse, kuma gaban mutane niy yi ta." Na sake dawowa, ka sake faɗa mini haka, har ka rako ni bakin mota kana tambayar ciwon gwiwata. To, tunda a gaban mutane aka ɗaure maganar, na ga ba inda za a kwance ta sai a gabansu. Rabin wasiƙar nan taka ce, rabi na mutanen garinmu ne, domin su ma suna da hannu a ciki.

Na farko, abin da ke bayan katangarka.

Masu wucewa suna ganin 'yar garka ce da tsohuwar rijiya da wani tsoho mai lanƙwasasshen baya. Tsohon nan wana ne, Bawa. Garkar kuwa ta mahaifinmu ce, Malam Garba, wanda garin nan ya sani da Garba Mai-iri. Ba a noman sayarwa a cikinta. Albasar kasuwa a fadama muke yin ta kamar kowa. Aikin garkar nan ɗaya ne tak, fitar da iri. In an cire albasa da bazara, Baba yakan zauna ya zaɓi waɗanda suka fi cika da ja da ƙarfin bawo, ya jera su a rudu, wato gadon itace da ake ɗagawa daga ƙasa, su yi damina a inuwa. Da ruwa ya ɗauke sai a binne su a garka, su yi tsiro, su yi huda, su fitar da fararen kawuna. Daga nan ake samun baƙin irin da za a yayyafa a fangali a kai fadama dashe. Shekara da shekaru haka ake juyawa, daga ƙwayar albasa zuwa iri, daga iri zuwa ƙwaya, kuma ba a taɓa tsallake shekara ba, domin irin albasa ba ya jure ajiya. In ya kwana biyu a tulu sai ka shuka ka yi ta jira.

Don me Baba ya zaɓi wurin nan, nesa da fadama, inda sai an sha wahalar jan ruwa? Saboda ƙudan zuma. In albasar wani tana huda kusa da taka, ƙudan zuma za su gauraya muku iri, bayan 'yan shekaru ka nemi naka ka rasa. Shi ya sa ya fito bayan gari shi kaɗai, lokacin da ba kowa a wurin sai kuka da zomaye. Albasar gidanmu ba ta fi ta kowa girma ba, ban taɓa cewa haka ba. Abin da aka san ta da shi, tana kai wa damina ta ƙare ba ta ruɓe ba. Manoma daga Gulma da ƙauyukan gefe sukan zo da 'yan ƙoƙunansu neman ko cikin tafi ne.

Kai ba sai na yi maka bayanin wannan ba. A garkar nan muka girma. Ka tuna jigon Baba, da kukan da itacensa ke yi in an danna shi? Ka tuna yadda yake sa mu bin ruwa da ƙafa daga fangali zuwa fangali, mu toshe nan mu buɗe can, ƙafafunmu su yi fari fat don sanyi? Kai ne gwanin satar lawashi, ka cusa a aljihu da ƙuli-ƙuli, ka zo makarantar allo kana wari, Malam ya tambayi wanda ya shiga gonar mutane kowa ya juyo ya dube ka. Lokacin huda kuwa, garkar takan yi fari gaba ɗaya, ƙugin ƙudan zuma ya cika wurin, Baba ya hana mu gudu a ciki. Har yau in na rufe ido a Gesse, cikin ƙarar janareton maƙwabta, ina iya jin wannan ƙugin.

Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, daga cikin gari take tahowa da tulu ta ɗebi ruwan rijiyarmu ranar da za ta dafa wake. Takan ce ruwan unguwarku sai ya cinye mata itace wake bai nuna ba, na garka kuwa tafasa biyu ya isa. Innarmu ta ba ta gabu, busasshen ganyen albasar nan na miya, ita kuma ta kawo mana ɗanwake da rana. Ban kawo wannan don in yi maka gori ba, Allah ya sani. Na kawo ne don ka tuna irin ruwan da ke cikin rijiyar nan a da, domin yanzu ko akuya sai ta sunsuna ta ɗaga kai.

Na biyu, yadda aka yi aka zo nan.

Da ka sayi filin da ke jikin garka ka ce za ka kafa gidan ruwa, mun yi murna, ni na fi kowa. Yaran unguwa sun samu aiki, gari ya samu ruwan sha mai tsabta, asibiti da makarantu suna saye hankali kwance. Burtsatsen da ka haƙa mai zurfi ne, ruwansa kuma yana da zartsi da nauyi, irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, yana barin farin dutse a gindin butar shayi. Don haka ka sayo injin tacewa da masu sana'ar ke kira Ar-O, tare da dogayen tankuna biyu da ruwa ke bi kafin ya shiga injin, waɗanda ma'aikatanka ke kira sofina. Ka kira ni ranar da aka kunna, ka zagaya da ni kana nuna mini kamar yaron da aka saya wa keke. A wancan lokacin ruwan da injin ke zubarwa kaɗan ne, wani rami da aka gina a cikin harabarka yana ɗauke shi, ba wanda ya san ma ana zubar da wani abu.

Sai aka fara ganin ana shiga da buhunan gishiri ta ƙofar gidan ruwa. Ban san bakin da ya fara ba, kuma ba na son in sani. Abin da na sani, kafin wani lokaci magana ta cika tasha da kasuwa da wuraren mai shayi, wai Alhaji Cika yana zuba gishiri a ruwan leda don in ka sha ɗaya ƙishirwa ta ƙaru ka sayi na biyu. Na ji da kunnena a motar Birnin Kebbi zuwa Argungu, wata dattijuwa tana cewa, "Ai ni tun da niɗ ɗanɗana nis san da wani abu. Ɗiyan yanzu ba su tsoron Allah, har ruwa sun sa ma dabara." Na yi mata bayani tun daga inda muka taso har muka iso, ta saurare ni tsaf, da za ta sauka ta tambaye ni ko ni ma a gidan ruwan nake aiki.

Na san abin ya yi maka ciwo. Mutum ya yi shekaru yana tsare sunansa, a wayi gari ana nuna shi da baki a wajen jana'iza. Na kuma san zuciyarka tun muna yara, ba ka iya haɗiye magana. Ranar wata Juma'a bayan an sallame, ka miƙe a ƙofar masallaci ka rantse da Allah cewa daga ranar ko ƙwayar gishiri ba za ta sake shiga ƙofar gidan ruwanka ba. Mutane suka yi kabbara, masu gulma suka sunkuyar da kai, ciniki ya dawo. Aka rufe tankunan nan biyu, aka zagaye su da bututu, ruwan burtsatse ya koma shiga injin kai tsaye. Suna nan tsaye har yau, na ga ma'aikata suna rataya rigunansu a jiki.

Na uku, abin da gishirin nan yake yi. Wannan sashen na mutanen gari ne, a yi haƙuri da tsohon malami, ba a raba shi da alli.

Injin Ar-O yana tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai matsattsun ƙofofi, ido ba ya ganinsu. Ruwa zalla ya wuce, zartsi da datti su tsaya. Abin da ya tsaya dole a wanke shi da wani kaso na ruwan a fitar da shi waje, shi ne ruwan da ake zubarwa. Duk injin irin wannan yana zubarwa, tambayar kawai ita ce nawa. In ruwan da ke shiga yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa mai yawa, wanda ke yin dutsen nan a buta, to da zarar an matse shi sosai sai ya daskare a jikin fatar ya toshe ta. Mai kula da injin ba shi da zaɓi, sai ya buɗe bututun zubarwa sosai don kada abin ya yi kauri. Ka jawo ruwa mai yawa daga ƙasa, ka ƙona mai, ka samu kaɗan a leda, saura ya bi lambatu.

Aikin tankunan da aka rufe shi ne su raba ruwan da wannan farar ƙasa tun kafin ya kai ga fatar. A cikinsu akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da ƙwan kifi. Musaya suke yi: su kama farar ƙasar su riƙe, su saki wani sinadari na gishiri a madadinta, wanda shi ba ya daskarewa a jikin fata, kuma injin yana tsare shi cikin sauƙi. In ƙwayoyin sun cika, sai a tsayar da tankin a wanke su da ruwan gishiri, su saki abin da suka kama, a ɗauraye su, su koma aiki. Wannan shi ne amfanin buhunan da kuka gani. Wanka ake yi wa ƙwayoyin da shi, ruwan wankan kuma waje yake fita, ba ya bin hanyar leda. Ɗan abin da ya bi ruwa daga musayar, fatar injin tana gaba tana jiransa. Wanda duk ya ce ya ɗanɗani gishiri a ledar Alhaji Cika, bakinsa ne ya zo da shi daga gida.

Da tankunan suna aiki, ana iya matse ruwa sosai ba tare da tsoron toshewa ba. Mafi yawan abin da aka jawo daga ƙasa zai tafi leda, abin zubarwa ya ragu ƙwarai, fatar ta daɗe ba a canza ta ba. Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, don kada gobe a ce Lawali ya yi rabin magana: ruwan da zai rage ya fi na yanzu kauri, ruwan wankan ƙwayoyin kuma ya fi shi. Ko kusa bai kamata su taɓa gona ba. Amma abu kaɗan ana iya tsare shi a kwamin siminti rana ta shanye shi a kwashe busasshen, har ma masana aikin suna mayar da wani sashe nasa wajen wankan ƙwayoyin don a rage sayen gishiri. Abin da ba a iya tsarewa shi ne rafin da ke fita daga bayan katangarka yanzu, safe da yamma.

Na huɗu, abin da ya samu garka.

Bayan rantsuwar, ramin harabarka ya cika ya tumbatsa, ma'aikata suka fasa katanga ta ƙasa suka ja lambatu. Gangaren wurin kuwa garkarmu yake kallo. Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya Bawa murna ya yi. Ruwa garau kamar hawaye, yana zuwa da kansa, ga tsohon da kafaɗunsa suka gaji da guga. Ya ɗauka sadaka ce ka yi masa saboda zumuncin iyaye. Ya gyara wa ruwan hanya da fartanyarsa, ya raba shi fangali-fangali, ya sa sabuwar riga ya je har gidanka godiya. Ya gaya mini ka ce masa ba komai. Na yarda a lokacin kai ma ba ka san abin da ke cikin ruwan ba.

Shekarar farko ba a ga komai ba. Daga baya bakin ganye ya fara ƙonewa, gefen fangali ya riƙa yin fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, ƙasar da muka sani mai laushi ta koma tana yin ɓawo. Albasa ba ta son zartsi ko kaɗan, ta fi yawancin kayan lambu raki a kan wannan. Ga shi kuma tunda fatar injin tana yawan toshewa yanzu, ana yawan wanke ta da magani, wannan ma lambatun yake bi. Da na zo na gani na ce wa Yaya ya toshe hanyar, ya toshe, ruwan ya kwanta a jikin shinge yana tsatsafowa ta ƙasa, har ya sami rijiyar. Yanzu ko ya ja da guga, abin da ya gudu daga gare shi ne yake jawowa.

A bara kawunan suka fito ƙanana, rabinsu suka bushe kafin su ɗaura iri. Ɗan abin da ya murza ya yayyafa a fangalin gwaji da damina ta ja baya, muka yi ta leƙe, abin da ya tsiro bai kai a kira shi tsiro ba. Na zauna da shi a bakin fangalin, ya daɗe yana murza ƙasa da yatsu, sannan ya ce, "Lawali, ni dai ban san mi niy yi ma ƙasag ga ba. Yadda Baba ya gwada man, hakanan nika yi." Na ce masa ba laifinsa ba ne. Ban taɓa ganin wana ya tsufa a idona kamar ranar ba.

Ga inda muke yau, Alhaji, kuma ina so ka karanta wannan a hankali. Irin da ke tulu ya mutu. Abin da ya rage na albasar Garba Mai-iri a duniya shi ne ƙwayoyin da Yaya ya zaɓa daga girbin fadama na bazarar da ta wuce, suna kan rudu a gidansa. Lokacin binne su ya matso, wasu har sun fara turo kore. In suka shiga ƙasa mai kyau suka yi huda, an tsira. In suka shiga zartsi, ko suka wuce lokaci a kan rudu, shi ke nan, babu wani wuri da za a je a samo.

Za ka ce a kai su wani wuri. Mun yi wannan tunanin. Wani ɗan'uwanmu a Gulma ya ba da fili, Allah ya saka masa, amma maƙwabtansa ta kowane gefe suna fitar da irin da suka sayo a kasuwa, shekara biyu ta isa namu ya narke a cikin nasu. Yaya kuma ba shi da ƙafar zuwa Gulma kullum, albasar iri kuwa ba a yi mata aike. Ni kaina na gwada 'yan ƙwayoyi a bayan gidana a Gesse, tsakanin katanga da tankin ruwa, suka yi ganye suka ƙi huda, matata tana yi mini dariya wai malamin kimiyya ya kasa abin da jahilai ke yi. Damina ta wanke fangalan sama na garkar, na duba, ƙasarsu ta yi dama. In lambatun ya tsaya yanzu, aka yashe rijiyar, akwai fata. In ya ci gaba, ruwan da zai kwararo da rani zai mayar da zartsin inda yake kafin su yi huda.

Na biyar, rantsuwar.

Ni ba malamin addini ba ne, amma a Birnin Kebbi nake zaune, inda ba a rasa wanda za a tambaya. Na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa, na ba shi labari ban faɗi suna ba, ko da yake murmushin da ya yi ya nuna mini ya gane. Ya ce wannan ba ta cikin mas'aloli masu wuya. Wanda ya rantse a kan barin wani abu, daga baya ya ga barin yana cutar da wani, abin da ake so gare shi ya warware ya yi kaffara. Ciyar da miskinai goma ne, kai da kake ciyar da fiye da haka kowace Juma'a ba tare da ka rantse ba. Ka tambayi limaminku, na tabbata abin da zai gaya maka ke nan.

Don haka ba Allah ne ya ɗaure ka ba, Cika. Kunyar mutane ce, kada a ce Alhaji ya yi amai ya lashe. Na fahimci wannan, ni ma ɗan garin nan ne, na san yadda kallo ɗaya a ƙofar masallaci yake hana mutum barci. Amma ka rantse ne don ka nuna ba ka cutar da kowa da gishiri, ga shi rantsuwar ce take zuba zartsi a gonar maƙwabcinka. Waɗanda ka yi don su, sun sha ruwansu sun manta. Wanda bai taɓa faɗin ko kalma ɗaya a kanka ba, shi yake biya.

Abin da nake roƙo.

Ina roƙonka ka warware rantsuwar nan a inda ka yi ta, a ƙofar masallaci, da bakinka. In kana so zan tsaya kusa da kai in yi wa jama'a bayanin da na yi a sama, da buta mai dutse a hannuna, duk mai tambaya ya yi. Na saba da aji mai surutu.

Ina roƙonka ka kira masu gyara su duba tankunan nan biyu, a ga ko ƙwayoyin cikinsu suna da sauran rai ko sai an sake, a mayar da su kan aiki. A shigo da gishirin da rana tsaka, ta babbar ƙofa, kowa yana gani. Ɓoyewa ce za ta sake ba masu magana abin faɗa.

A gina kwamin siminti a cikin harabarka, a toshe ramin da aka fasa a katanga. Kafin a gama ginin, ko da rage awannin aiki ne, ko kwashe ruwan da tanka a kai inda ba shuka, a yi, don kwanakin nan su ne masu tsada. Rijiyar kuwa, aron injin jan ruwa kawai muke so mu yashe ta, sauran aikin namu ne.

Ku kuma mutanen garinmu, da ku nake. Wanda ya ɗauki maganar gishiri daga tasha ya kai gida, yau ya ɗauki wannan ma ya kai. In Alhaji ya miƙe ya warware rantsuwarsa, kada wanda ya yi masa dariya. Ku kuka tura shi ya yi ta.

Ba diyya muke nema ba, ba kuma za mu kai ƙara ko'ina ba. Yaya ya hana, ya ce ba zai tsaya gaban alƙali da ɗan da ya goya ba. Bai ma san na rubuta wannan ba, in ya ji zai yi mini faɗa kamar ina ɗan shekara goma.

A makon jiya na je Argungu na same shi a gindin rudu yana juya ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana ware waɗanda suka yi laushi. Na ce masa ya ƙara haƙuri, ina kan magana da kai. Ya ce zai jira iya abin da albasar za ta iya jira. Sannan ya ce, "In ba a tsai da ruwan ga ba, ba ni binne su in zamna ina kallo suna mutuwa. Gara a yi miya da su, a ci a yi ma Baba addu'a. In raba ma dangi, kowa shi samu. Gidan Cika ma a kai masu nasu, ai shi ma ɗan garka ne."

Ba da gatse ya faɗa ba, ka san Yaya bai iya gatse ba. Har kwandon da zai zuba naka a ciki ya nuna mini. Saboda haka in wata rana aka yi sallama a ƙofar gidanka da kwandon jar albasa, aka ce in ji Bawa yana gaisuwa, ka san abin da aka kawo maka, kuma ka san ba za a sake kawowa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki mai albarka, ya tsare mutuncinka daga bakin mutane, ya sa ruwan da kake shayar da jama'a ya zame maka haske ranar gobe. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka yi zumunci ba su ɓata ba. Allah ya ba ka ikon yin abin da ya dace tun kwandon nan bai bar gidan Yaya ba.

Wassalam.

Naka tun ƙuruciya,
Lawali Garba,
Gesse, Birnin Kebbi.